Ɗinkin tiyata ya ƙi kamewa, an ce wai tunani ne

Assalamu alaikum Inna. Ina rubuto miki daga Birni, nan Damagaram. Sati bakwai ke nan da aka yi mini aiki aka ciro mini ɗa, haihuwata ta huɗu. Yaro lafiya lau, alhamdu lillahi, amma gefe guda na ɗinkin har yau bai kame ba, yana tsattsafo da ruwa. Uwar mijina tana kwance a ɗakin da ke jikin nawa, ɓarin jikinta ya shanye tun bara, ni ke juya ta, ni ke gyara ta. Maigida direba ne a hanyar Agadas, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Da dare in na kwanta gabana ya yi ta dukan uku-uku, barci ya ƙaurace mini, in yi ta lissafin yadda yarana za su yi in na mutu. Wadda ke wanke mini ciwon ta ce in rage tunani. Ƙanwar mijina ta ce ƙarancin tawakkali ne. Wata ƙawata kuma ta turo mini murya a WhatsApp, wani mutum yana cewa duk cuta daga tunani take, wai wanda ya gyara tunaninsa ba ya buƙatar magani. Inna, da gaske tunanina ne ya hana ciwon warkewa? In haka ne, yaya ake daina tunani? Na gwada na kasa.

Maijego, Birni

Wa alaikumus salam, ƴata. Barka da sauka lafiya. Allah Ya raya mana shi, Ya ba Hajiya sauƙi, ke kuma Ya rubuta miki ladan jinya.

E, damuwa tana iya jinkirta warkewar ciwo, an gwada an gani. Amma jinkiri take kawowa, da wuya a ce ita kaɗai ta riƙe ɗinki har sati bakwai, kuma ba laifinki ba ne. Muryar nan ta WhatsApp ki goge ta tun kafin ki gama karanta amsata.

Ba sai na kai ki nesa ba kafin ki yarda tunani yana taɓa jiki, shaidar tana ƙirjinki. Kina tsakar gida, hannu cikin ruwan wanke-wanke, jinjiri ya tsala kuka daga ɗaki, kafin ki ɗauraye hannu gaban rigarki ya jiƙe. Ba wanda ya taɓa ki. Kunne ne ya ji, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ake kira oksitosin, ya bi jini ya je ya matso nonon. Wani sa'in ma ba sai ya yi kuka ba, tuna shi kawai ya isa. Ki kuma tuna ranar da aka ɓata miki rai: nono cike har yana ciwo, yaro yana ja yana saki yana kuka, ruwan ya ƙi sauka. Bai ƙafe ba, ɓacin ran ne ya tare hanya. Abin da ke faruwa da ɗinkinki dangin wannan ne, sai dai shi a hankali yake tafiya, ido ba ya kama shi.

Jiki yana da jijiyoyin saƙo, ba na jini ba, masu aiki ba tare da sun nemi izininki ba. Su ke kula da bugun zuciya, da narkar da abinci, da zufa, da buɗewa ko tsukewar hanyoyin jini. Kashi biyu ne. Ɗaya na ko-ta-kwana ne: da an hango haɗari sai ya taɓo wasu ƴan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su zubo adiranalin cikin jini, ƙwaƙwalwa kuma ta sake aiko musu saƙo su ƙaro kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, baki ya bushe, jini ya janye daga hanji da fata ya tafi cinyoyi da damatsa, sukari ya ƙaru a jini. Wani malamin Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ya fayyace wannan tun 1915, ya nuna shiri ne na faɗa ko gudu. Ɗaya kashin na hutu da gyara ne. Babbar jijiyarsa ita ce ta 10 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, likitoci suna ce mata bagus. Ta gangaro ta wuya, ta ratsa ƙirji, ta ba zuciya reshe, ta ba huhu, ta sauka har tumbi da hanji. In ita ke riƙe da ragama, bugun zuciya yana sauka, ciki ya karɓi abinci, barci ya sami wuri.

Kin san yadda lungunan Birni suke in aka yi ihun gobara. Magini ya diro daga katanga ya bar ƙasar da ya kwaɓa, mai tuwo ta bar muciya a tukunya, kowa ya suri bokiti. Daidai ne, wuta ba ta jira. To a ce kullum dare sai an yi ihun nan, wata da watanni, yaushe katangar za ta tashi? Haka jiki yake yi da gyaran ciwo, aiki ne da yake ɗagawa sai ƙura ta lafa. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta cika bambanta haɗarin da ke bakin ƙofa da wanda kike hasashe ƙarfe biyun dare ba. In kika kwanta kina kallon gawarki da marayunki, jiki ɗauka yake da gaske ne. Dukan uku-ukun da kike ji, sau da yawa daga nan yake.

Warkewar ciwo tana farawa da ɗan kumburi da ja na kwanakin farko. A lokacin ne ƙwayoyin jini masu tsaron jiki ke taruwa su share wurin, su kira masu saƙa sabon nama. Kotizol in ya daɗe da yawa a jini, wannan kiran yake rage wa ƙarfi. A 1995 wata mai bincike a Jami'ar Jihar Ohayo, Janice Kiecolt-Glaser, ita da abokan aikinta suka samo mata 13 masu jinyar wani nasu da ciwon mantuwa na tsufa ya kama, da wasu 13 sa'o'insu da ba sa jinyar kowa. Da yardarsu aka yi wa kowacce ɗan rauni iri ɗaya a hannu, faɗin milimita 3 da rabi, aka yi ta bibiyarsa. Na marasa jinya ya rufe cikin kwana 39 a matsakaici, na masu jinya ya kai kusan 49. Duka dai sun warke, tazarar kwana 9 ce da ɗoriya. Kuma ba wanda ya ce matan nan imaninsu ne ya yi rauni. Kaya ne ya yi musu yawa, irin wanda ke kanki.

Ƙanwar mijinki ta koma Suratu Yusuf, aya ta 84. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, shi ne kuma mai cewa sai haƙuri mai kyau. Wa zai buɗe baki ya ce tawakkalinsa ya gaza?

Shi kuwa mai muryar WhatsApp, rabin gaskiya ya ɗauko ya yi mata rawani. Shekara da shekaru likitocin duniya da kansu suna ɗora gyambon ciki a kan damuwa da cin yaji, har 1982 da wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta ce a tumbi ke haddasa mafi yawansa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓi ƙwayoyin da kansa a 1984, tumbinsa ya kamu. An ba su kyautar Nobel a 2005. Mutum nawa aka yi ta ce wa su rage tunani, alhali maganin sati ɗaya ko biyu suke buƙata?

Don haka kafin komai, cikin satin nan ki koma inda aka yi miki aikin, ko babban asibitin Zinder, ki ce likita kike so ya duba ɗinkin, ba wanki kawai ba. Ɗinkin da ke zubar da ruwa bayan sati bakwai yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, ko guntun zare ne jiki ya ƙi karɓa, ko jini ne ya yi ƙasa, ko ciwon sukari ne da ba a sani ba. Ki roƙi a auna miki jini da sukari da hawan jini. Kada ki barbaɗa masa garin kafso, ko toka, ko man shanu, kada kuma ruwan wankan jego mai tafasa ya taɓa shi. Ki ci abin da ke gina nama gwargwadon hali: wake, ƙwai, gyaɗa, nono, zogale, da ɗan lemun tsami ko tumatir. In kuma wata ta ba ki ƙwayoyin nan na ƙiba irin su deksa don ki murmure, ki faɗa wa likita ba kunya. Deksa ɗan'uwan kotizol ne da aka haɗa a masana'anta, ya ma fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana hana ciwo kamewa, yana tada sukari. Wadda ta daɗe tana sha ba a so ta yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage mata a hankali.

Faɗuwar gaban ma ki ambata masa. Ƙarancin jini yana kawo ta, goro da shayi mai kauri da yamma suna kawo ta. Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda likitocin Zariya suka rubuta yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wanka da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta. In kika ga numfashi yana ƙwace miki in kin kwanta rigingine, ko ƙafafu sun kumbura, ko zazzaɓi, ko ɗinkin ya buɗe yana mugunya mai wari, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Yanzu tambayarki ta gaske: yaya ake daina tunani? Ba a dainawa, ƴata, kuma ba ke kaɗai kika kasa ba. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa ɗalibai su yi minti 5 kada su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk wanda ya tuna ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara daga baya, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hana su ba tuna dabbar. Mai gadin tunani dole ya riƙa leƙawa ko ya zo, leƙawar kuwa ita ce zuwansa. Shi ya sa “ki rage tunani” shawara ce da ba ta da hannun kamawa.

Ta jiki ake shiga. Zuciya ba za ki ce mata ta rage gudu ta ji ki ba, hanji ma haka. Numfashi ne kaɗai a cikinsu yake tafiya da kansa, kuma kina iya karɓar linzaminsa. Ki ɗora yatsu biyu a wuyanki, gefen maƙogwaro, inda jini ke harbawa. Ki ja numfashi, ki sake shi a hankali. In kin natsu za ki ji bugun yana ɗan ƙara sauri lokacin ja, yana lafawa lokacin saki. Lafawar nan aikin jijiyar bagus ne, kuma duk sanda kika tsawaita sakin numfashi kin ƙara mata fili.

Ga yadda za ki yi. Ki jingina da bango, matashi a bayanki, wani ƙarami a kan ɗinkin ki dafe shi da tafin hannu. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4 a zuci, ciki ne zai ɗago, ba kafaɗu ba. Ki sake ta ta ɗan tsukakken baki kina ƙirga 6. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, wannan zai sauko da ke wajen 6. Minti 10 da safe, 10 da dare. In kika ji jiri, kin cika ja da ƙarfi ne, ki sassauta. Na san za ki ce ina lokacin yake. Yaron nan sau takwas ko fiye yake kama nono tsakanin dare da rana, kina zaune dole. Ki ware biyu daga ciki, na bayan asuba da na bayan lisha, salula tana nesa da hannunki. Kafin ki fara, ki duba haƙoranki ko a cije suke, kafaɗunki ko sun haye kusa da kunne. Ki ƙara matse su na ɗan lokaci sannan ki saki gaba ɗaya, haka yatsun hannu da na ƙafa. Tsokar ciki ce kawai ban da ita, sai ɗinki ya kame.

Wani likitan zuciya a Harvard, Herbert Benson, ya auna masu zaman natsuwa ya ga bugun zuciyarsu da numfashinsu da iskar da jikinsu ke ci duk suna sauka. Daga baya ya bayyana cewa abu biyu ne ginshiƙin abin: maimaita kalma ko addu'a, da kuma in wani tunani ya kutso kada a yi kokawa da shi, a koma kan kalmar kawai. A 2001 kuma wasu likitoci ƙarƙashin Luciano Bernardi na Italiya suka auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Kiristoci da Latin da wani wuridin ƴan yoga, suka ga numfashinsu ya sauka da kansa zuwa wajen 6 a minti. Ke ba sai kin aro na kowa ba. Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, ta je neman mai taya ta aiki saboda dutsen niƙa ya ci mata hannu, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya musu ita da Sayyidina Ali in sun zo kwanciya su yi Subhanallahi 33, Alhamdu lillahi 33, Allahu Akbar 34. Yana cikin Bukhari da Muslim. Abin da zan ƙara miki shi ne ki daina jan carbin da gudu kamar ana biyo ki. Ki ja iska shiru, ki faɗi tasbihin a kan sakin numfashi, a hankali. In hankalinki ya tafi kan kuɗin magani ko tarin Hajiya, ba komai, ki dawo kan ƙwayar da ke tsakanin yatsunki. Zikiri ibada ne, don Allah ake yin sa ba don bugun zuciya ba. Natsuwar da ke biyo baya kuwa Shi Ya yi alkawarinta a Suratur Ra'adi, aya ta 28. Kada kuma wani ya ɗauko hadisin nan ya ce ashe ba kya buƙatar mataimaki. Ke ciki aka tsaga miki, hukuncin marar lafiya ke kanki.

Ko irin wannan zama yana kaiwa har ga ciwon? A 2012 a ƙasar Niyu Zilan, Elizabeth Broadbent da abokan aikinta sun raba mutum 60 da za a cire wa matsarmama gida biyu, aka koya wa kashi ɗaya sassauta jiki da numfashi kafin aiki da bayansa. Aka sami damuwarsu ta ragu, sinadarin saƙar sabon nama kuma ya fi yawa a rauninsu. Ƙaramin bincike ne, kuma dukansu an yi musu aiki an ba su magani. Taimako ne a kan magani, haka za ki ɗauke shi. Kada ki sa ran ganin canji daren farko, ki ba shi sati biyu.

Tunanin mutuwa da marayu, ki yanka masa lokacinsa da rana. Bayan la'asar, ko minti 15 ne, ki kira mahaifiyarki ko yayarki ki faɗi abin da kike tsoro da bakinki, da sunansa. Abin da aka furta da rana ba ya kai girman wanda aka haɗiye aka kwanta da shi. In ya dawo da dare ki ce masa na gan ka, sai gobe bayan la'asar, ki koma kan numfashi. Amma in kika wuce sati biyu kina kuka ba dalili, abinci ya fita ranki, yaron ma ba kya jin daɗinsa, ko zuciya ta fara raya miki ki cutar da kanki ko shi, ki faɗa wa likita ko ungozoma a ranar. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa tana haɗuwa da irinsa, kuma ana maganinsa. Ƙwayoyin barci na masu yawo da magani a faranti kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, suna bin nono su kai ga yaro.

Saura maganar da kowa ya kauce mata a gidanku. Duk numfashin duniya ba zai kame ɗinkin da ake yi wa dako ba. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram, kuma na tabbata in mai garuwa ya sauke jarka a zaure ke ke jan ta zuwa randa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Hajiya ta fi haka nauyi, kuma mai shanyewar jiki ana juya ta ne kusan duk awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ana ce mata kada ta ɗaga abin da ya fi jinjirinta nauyi har sati shida, in ɗinki lafiya yake ke nan, balle naki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hajiya tana da ƴaƴan da ta haifa, ga kuma ƙanwar mijinki mai wa'azin tawakkali: ta zo ta karɓi kwanan ɗakin mahaifiyarta, ladan da take hango miki ita ta fi cancanta da shi. Ba rashin kunya ba ne ki faɗi haka, sai dai ba daga bakinki ya kamata ya fito ba.

Wannan sashe na maigida ne, ki tura masa. Malam, sannu da hanya, Allah Ya tsare. Matarka tana jinyar mahaifiyarka da ciki a tsage, ba ta kuma yi maka ƙorafi ba, ni ta rubuto wa. Abu uku ke wuyanka: kuɗin ganin likita da awon jini, wanda zai ɗauki juya Hajiya da ɗaukar ruwa har ɗinki ya kame, da barcin awa huɗu ko biyar a jere da wani zai riƙe mata gidan. In ba mai zuwa, a bar ta ta je gidansu ta yi sati uku, danginka su san yadda za su yi. In ka kira ta daga hanya, ka fara tambayar jikinta kafin ka tambayi cefane. Masu binciken nan na Ohayo sun gwada ma'aurata 42 a 2005, suka ga ɗan raunin da aka yi musu ya fi daɗewa bai rufe ba bayan zaman gardama fiye da bayan zaman lallashi.

In ya ce zai yi magana da ƴan'uwansa idan ya dawo, ki ce masa don Allah ya kira su yau daga tasha. Ke kuma kada ki jira dawowarsa kafin ki ga likita, ki sami wadda za ta zauna da Hajiya na safiya ɗaya, ki goya yaronki ki tafi. Ki rubuto mini abin da awon jinin ya nuna.